Ganyen da Na Karɓo a Hannun Gwaggo

Ni ce mace ta farko a ƙauyenmu da ta yi karatun harhaɗa magunguna, kuma da ba don Baba ba da ban yi ba. Ƙauyen namu a ƙasar Tofa yake, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka ganin fili ko na taku goma da ba a nome ba, sai kuka da ɗorawa tsaitsaye a tsakiyar gero. Baba manomi ne. Gonakinsa uku ne ƙanana, da jakuna biyu da yake ɗiban taki da su. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani, kuma Allah ya yi shi da son sanin dalilin abu. In na zo hutu daga jami'a sai ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Uwata, ƙwayar nan da mutum yake haɗiya, yaya aka yi ta san kai ne yake ciwo ba ƙafa ba?" In yi ta bayani yana gyaɗa kai. In na gama ya ce, "Ikon Allah," ya sake jefo wata tambayar.

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Haka ma Gwaggo take kirana. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidanmu, aka yi mata ɗaki kusa da rumbu. Har Baba ya yi furfura ba ta daina ce masa "yaron nan" ba, shi kuma Yaya yake ce mata, kuma ba ya zama a kan kujera in tana kan tabarma.

Gwaggo ta san magani. Ba sana'a ta ɗauke shi ba, abu ne da ta koya a wurin kakarta. Matan unguwa sukan shigo da goyo a yi musu na shawara, ko na tarin yara, ko na jego. Ɗakinta kullum warin sassaƙe yake, ga ƙulle-ƙulle a rataye jikin azara. Ina ƙarama ni nake riƙe mata kwando in za ta tsinko ganye a kan iyakokin gonaki. Ina jin daga nan son magani ya shige ni, ko da yake sai da na girma na gane haka.

Shekarar da na yi aure muka tare da maigidana a Ungogo, a shekarar aka gano Baba yana da ciwon suga. Asibiti suka ɗora shi a kan ƙwayoyi. Yana sha yana ƙorafi, wai suna sa shi jiri in ya sunkuya noma. Sai Gwaggo ta fara yi masa jiƙon wani ganye. Ba zan faɗi sunan ganyen a nan ba, don kada wani ya je nemansa. Ɗan tsiro ne mai ɗaci, yana fitowa a gindin shinge da damina. Ƙa'idar Gwaggo ita ce tafin hannu ɗaya na busasshen ganye a ƙaramar ƙwarya, a sha da safe kawai, kwana bakwai, sannan a huta kwana bakwai. Na saya wa Baba ɗan injin awon suga, in na je gida ina auna shi. Sai na lura a makon da yake shan jiƙon sugan yana sauka fiye da makon da ya huta.

A lokacin ina aiki a ɗakin bayar da magani na wani asibiti, kuma na samu gurbin digiri na biyu. Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba aikina wani farfesa ne dattijo, mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan magungunan da ake samu daga tsirrai. Ya tambaye ni a kan me nake son yin bincike. Na ba shi labarin ganyen Gwaggo. Ya ce in kawo masa tsiron da saiwarsa da furensa a tabbatar da ko wane ne, in ya so a gani.

Ranar da na je ɗibar ganyen tana cikin ranakun da na fi jin daɗinsu a rayuwata. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, wake ya rufe ƙasa. Gwaggo ta ɗaura zanenta na zuwa biki, wai ai aikin jami'a za a yi. Muka bi burtali tana gaba ina biye da buhu. Ba ta yarda a tsinki na bakin hanya ba, ko wanda dabba ta ci, ko wanda ya fara ja.

Ta ce, "Uwata, da gaske wai ɓeraye za ki bai wa?"

Na ce, "Ɓeraye, Gwaggo. Farare, masu jajayen ido. Kiwonsu ake yi musamman."

Ta yi dariya har sai da ta dafa shinge. Ta ce, "Mu muna neman abin da zai kashe su, ku kuna yi musu magani." Da muka cika buhu ta riƙo hannuna ta ce, "In kin rubuta, ki rubuta cewa a wurin kakata na samo. Kada ki ce nawa ne."

Aikin da ya biyo baya mai cin rai ne. Na shanya ganyen a inuwa har ya bushe, aka niƙa, na jiƙa garin a cikin sinadari, na tace, na bar ruwan ya ƙone a hankali har ya rage wani baƙin abu mai danƙo. Buhu guda bai ba ni abin da ya cika ƙaramar kwalba ba. Kullum da safe in hau adaidaita daga Ungogo, in sauka in sake hawa wata, in duba ɓerayena kafin in wuce wurin aiki, da yamma in dawo. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki, sai mu kwashe kayanmu daga firji mu zuba a kula da ƙanƙara. Na koyi yadda ake riƙe ɓera ta ƙeya, a zura masa magani ta ɗan siririn bututu, a tsaga bakin wutsiyarsa a ɗauki ɗigon jini. Farko suna kuɓuce min. Daga baya na saba, har ina gane su ɗaya-ɗaya.

An sa wa ɓerayen ciwon suga da gangan, sannan na fara ba su maganin. Cikin makonni biyu sugan waɗanda suke sha ya sauko, kusan daidai da na waɗanda nake bai wa ƙwayar asibiti. Da na jera sakamakon a takarda na gani, ban jira kowa ba. Na fita bakin baranda na kira wayar Baba.

Na ce, "Baba, maganin Gwaggo yana aiki! Na gwada, na gani da idona. Kamar na asibiti yake."

Na ji shi yana ƙwala wa Gwaggo kira, "Yaya! Yaya, zo ki ji!" Daga baya Inna, mahaifiyata, ta gaya min a ranar sai da ya ba da labarin a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya sake bayan magariba.

Washegari na kai wa Farfesa takardar. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Ya yi kyau. Amma ki kama bakinki. Tambaya biyu ake yi wa kowane magani. Yana aiki? Kin samu amsar wannan, a jikin ɓera. Yana cutarwa? Wannan ba ki ma fara ba. Kada ki gaya wa kowa komai tukuna."

Na ce, "To, Malam." Ban gaya masa na riga na faɗa ba.

Da na je gida a ƙarshen watan, Baba ya tare ni da tambayar yaushe za a fara sayar da shi a kemis. Na yi masa bayanin yadda abin yake: daga ɓera sai a ware ainihin sinadarin da ke aikin, a sake gwadawa, sannan a gwada a jikin mutane kaɗan, sannan masu yawa, kuma galibin magunguna a hanya suke faɗuwa. Na ce abin yakan haura shekara goma.

Ya yi dariya ya ce, "Shekara goma? Uwata, ai ni ba ni da ita. Gara in sha nawa a ƙwarya."

Ni ma dariyar na yi. Na ce dai kada ya bar ƙwayoyinsa. Sau ɗaya na faɗa, a tsaye, ina gyara mayafi zan fita. Ban zauna na dube shi na maimaita ba.

Daga nan na shiga kashi na biyu na aikin. Na raba lafiyayyun ɓeraye gida-gida: wasu kaɗan ake ba su, wasu matsakaici, wasu da yawa, kullum ba hutu, har kusan wata guda. Ga aiki, ga darussa, ga ciki da nake ɗauke da shi a lokacin. Sai da na yi wata biyu da ɗoriya ban taka ƙauye ba. A waya kullum Baba cewa yake lafiya lau.

A mako na uku waɗanda ake bai wa da yawa suka fara ramewa. Gashinsu ya tashi, suna lafewa a kusurwar keji. Biyu suka mutu. Da wa'adin ya cika muka feɗe su duka. Ƙodar lafiyayyen ɓera ja ce sumul, kamar ƙwayar wake. Tasu ta kumbura ta yi fari-fari. Aka yanka ta siriri aka ɗora a gilashi, bayan kwanaki Farfesa ya kira ni ya nuna min a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ya ce, "Kin ga nan? Nan ne jini ke tacewa. Duba yadda ya rushe." Ya ɗago ya ce, "Wannan ma sakamako ne, kuma mai muhimmanci. Shi ya sa na ce ki yi shiru."

Na ce, "Malam, mahaifina yana sha."

Ya dube ni. Bai yi min faɗa ba. Ya ce, "Ajiye komai ki tafi yanzu."

Na isa gida wajen azahar. A zaure na tarar da Baba, ya miƙe ƙafafu a kan buzu. Ƙafafun sun kumbura har takalminsa ba ya shiga, fuskarsa ta yi fam, musamman ƙarƙashin ido. Na danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ce ai zama ne ya yi masa yawa tun da aka gama girbi. Na shiga ciki, Inna ta ja ni ɗaki ta gaya min. Tun ranar da na yi waya ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Ya daina hutun kwana bakwai. Safe da rana da yamma yake sha, har a jarka yake zubawa ya tafi da shi gona, ya ce 'yarsa ta gwada a jami'a.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da na fi jin kunyarsa. Na fito tsakar gida. Gwaggo tana bakin ɗakinta tana tsince wake, ga matan maƙwabta biyu sun zo daka. Na ɗauki tukunyar jiƙon na kifar da ita a gabansu.

Na ce, "Guba ce! Guba kike ba shi, Gwaggo! Kin lalata masa ƙoda!"

Taɓaren suka tsaya. Gwaggo ta dubi ruwan yana bin ƙasa, ta dube ni. Sai na ji muryar Baba daga bakin zaure, ya dafa bango ya taso.

Ya ce, "Uwata. Yayata kike ɗaga wa murya?"

Bai taɓa yi min magana da irin wannan muryar ba. Na sunkuyar da kai, amma ban ba da haƙuri ba. Na ce a nemo mota.

A babban asibiti a birni aka tabbatar ƙodojinsa duka biyu sun kusa daina aiki. Na tsare likitan a baranda, na gaya masa komai, na tambaye shi ganyen ne ko ciwon sugan. Ya ce ba zai iya rabewa ba. Suga in ya daɗe yana cin ƙoda, barin ƙwayoyi ya ƙara, ganyen ma zai iya ƙarawa. Ya ce ko wanne ne, yanzu wankin ƙoda ya rage.

Baba ya dawo gidanmu na Ungogo da zama, shi da Inna, saboda kusa da asibiti. Sau biyu a mako maigidana yake kai shi. A ɗora shi a gado, a haɗa shi da inji, jininsa ya fita ta wannan bututu ya dawo ta wancan, awa huɗu. Ko a nan bai bar tambaya ba. Sai ya kira ni kusa ya ce, "To shi dattin da injin ya cire, ina yake zuwa?" In nuna masa. Ya ce, "Ashe abin da 'yar tsokar nan take yi min ke nan shekara sittin, ban taɓa gode mata ba."

Ungogo ba ta karɓe shi ba. Yakan zauna a ƙofar gida yana kallon gonar da ke gabanmu, wadda aka yanka fuloti-fuloti aka kafa mata duwatsu. Ya ce ƙasar nan mai kyau ce, gyaɗa za ta yi, ga shi za a zuba mata siminti. Da ruwan farko ya sauka ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yana ta waya da ƙannena maza yana gaya musu wace gona za a fara shukawa, da inda za a sa dawa.

A cikin wannan damina na haihu, namiji. Shi ya yi masa huɗuba, yana zaune.

Wata rana da hantsi, ina shanya kayan jariri, ya kira ni. Ya ce, "Karatun naki fa?"

Na ce na ajiye.

Ya ce, "A kan me? Ki koma ki rubuta abin da kika gani, mai daɗin da marar daɗin. Wani yana can yana sha kamar yadda na sha." Ya maida numfashi. Ya ce, "Kuma ki sani, Yaya kwana bakwai ta ce. Ni na ƙara da kaina. Ki je ki ba ta haƙuri. Ita ta goye ni."

Na ce zan je. Na yi ta ɗagawa, yau jego, gobe asibiti.

Gwaggo sau ɗaya ta zo Ungogo. Ba ta son mota, amai take sa ta, amma ta zo. Ta rame, ta zama 'yar ƙarama a cikin mayafi. Na gaishe ta ta amsa, ta karɓi jaririn ta yi masa addu'a, ta je ta zauna a ƙasa wajen ƙafafun Baba. Suka yi ta hirar mutanen da, waɗanda ban sani ba. Can Baba ya ce, "Yaya, miƙo min ruwan nan." Kofin yana dab da gwiwarta. Ta dube shi, ta janye hannunta cikin mayafi, ta ɗaga murya ta ce, "Uwata, zo ki ba shi ruwa." Na zo na ba shi. Mu ukun ba wanda ya dubi wani. Da la'asar ta koma, ban ba ta haƙurin ba.

Da kaka ta yi Baba ya ce shi kam gida zai koma. Ya gaji da allura, jijiyoyinsa duk sun toshe, kowane wanki sai ya kwana biyu bai dawo daidai ba. Muka yi ta roƙo, ya ce ya ji, amma yana son ya ga an shigo da gero. Muka mayar da shi. Aka shimfiɗa masa a inda zai riƙa ganin dammunan ana jerawa a bakin rumbu. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ranar wata Talata bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyar Gwaggo, tana laƙƙana masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Farfesa ya zo ta'aziyya har ƙauye, ya zauna a kan tabarma cikin manoma. Bai yi min zancen aiki ba. Sai bayan wata uku ya kira ni ya ce samfurorina suna nan a firji, ya hana a zubar. Na koma. Na rubuta kundin digirina ina shayarwa, babi biyar. Babi na huɗu, inda hotunan ƙodar ɓerayen suke, sai da na yi mako uku ina buɗe shi ina rufewa. A shafin godiya na rubuta cewa ilimin tsiron daga gwaggona na samo shi, ita kuma daga kakarta, kamar yadda ta ce.

Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni, in wani ya zo min yau da ciwon suga ya ce zai sha wannan ganye, me zan ce masa. Na ce zan ce kada ya sha, har sai an raba abin da ke sauke sugan da abin da ke taɓa ƙoda, in ma ba abu ɗaya ba ne. Ya ce amsa ta yi. Ya yaba aikin, ya ce ba kasafai ɗalibi yake ba da rahoton illa da irin wannan kulawa ba. Aka tafa min. Na fita na shiga banɗakin mata na kulle, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

A ƙarshen makon na tafi ƙauye. Inna ta riga ta gaya min Gwaggo ta daina ba da magani tun ranar da na kifar da tukunya. Mata suna zuwa da goyo tana cewa su tafi asibiti. Wasu ma sun daina zuwa da kansu, don maganar da na yi a gaban masu daka ta zaga gari.

Na same ta a ɗaki. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na zo ki yafe min. Abin da na faɗa ranar nan ban kyauta ba, kuma ba gaskiya ba ne yadda na faɗe shi."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Uwata, ke kika yi karatu. Tsakaninki da Allah, ni na kashe yaron nan?"

Na so in ce a'a kawai in huta. Amma ta haɗa ni da Allah, kuma na san za ta gane. Na ce, "Ɓerayen da na bai wa kaɗan, ƙodarsu lafiya lau na same ta. Waɗanda na ɗura wa da yawa ba hutu su ne suka lalace. Yadda kika ce a sha, ban ga illarsa ba a abin da na gwada. Ban isa in rantse ba, amma ban gani ba. Ni ce na yi waya na ce yana aiki tun ban gama ba. Saboda maganata ya bar ƙwayoyinsa."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Ina kallo yana ɗurawa a jarka. Na san ya yi yawa. Kakata ta gaya min mai ɗacin nan ba a zarce masa. Na buɗe baki zan hana shi, sai ya ce ke kika ce. Na ce a raina, to ni wace ce, ita da ta gwada a jami'a." Ta share ido da bakin zane. "Da na hana shi da ya hanu. Bai taɓa ƙetare maganata ba."

Muka zauna muna kuka, ita a bakin gado ni a ƙasa. Daga baya ta ce ta yafe, ni ma in yafe mata, kwanansa ne ya ƙare. Ta tambayi yaron, na shigo da shi, ta ɗora shi a cinya tana yi masa wasa.

Na roƙe ta ta bar ni in zo da littafi in rubuta sauran magungunan da ta sani, da yadda ake shan kowanne, da inda ake tsayawa. Ta ce in bari sai ta ji ƙarfi. Na sake tambaya bayan sallah, ta ce ta fara mantuwa. Ban yarda ta manta ba, amma ban matsa ba. Farfesa ya yi min tayin in ci gaba zuwa digiri na uku a kan tsiron. Na karɓi fom ɗin, yana cikin durowata har yanzu, rabi a cike. Shi kuma ya yi ritaya.

Damina biyu Gwaggo ta ƙara a duniya. Ba ta yi doguwar jinya ba, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Bayan an yi sadakar bakwai Inna ta ce in zo mu gyara ɗakin, tunda ni ce mai ilimin abin. Muka sauke ƙulle-ƙullen da ke jikin azara, muka fito da na cikin tukwane da na ƙarƙashin gado, muka baza a tabarma a tsakar gida. Sun fi arba'in. Saiwoyi, sassaƙe, busassun furanni, gari iri-iri a ƙullin tsumma, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Matan unguwa suka kewaye ni suna jira in faɗa musu wanne ne na me. Na ɗauka ina shinshinawa, ina gutsura, ina juyawa. Uku na gane: sabara, da marke, da sassaƙen ɗorawa. Wata tsohuwa ta gane biyu.

Inna ta ce, "To sauran fa?"

Na ce ban san su ba, kuma ba zan bari kowa ya sha abin da ban sani ba. Ƙanena ya haƙa rami a bayan gida, mai zurfi, don kada awaki su tono. Ni na zuba su da hannuna, ya mayar da ƙasa.